KALORI: MA'AUNIN ƘARFIN DA KE CIKIN ABINCINMU

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Manomin Jama'a da ya sammaka gona da fartanya a kafaɗa, da ɗalibar da ke taka sayyada daga ƙauyensu zuwa makaranta a Gwarzo, da direban da ke jigila tsakanin Kabo da birnin Kano, dukkansu da abin da suka ci suke aiki. To amma da za a tsayar da ɗayansu a tambaye shi yawan ƙarfin da ya zuba wa cikinsa yau, iyakar amsarsa ita ce ya ci ya ƙoshi, ko kuwa bai ƙoshi ba.

A wasu ƙasashe doka ta tilasta wa manyan gidajen sayar da abinci su rubuta wani adadi a gefen sunan kowane abinci, kamar yadda suke rubuta kuɗinsa. Wannan adadi shi ake kira kalori. A wannan darasi za mu duba ma'anar kalori, da yadda ake auna ta, da yawan da jiki yake bukata, sa'an nan mu ga ko irin wannan rubutu zai yi mana amfani a ƙasar Gwarzo da Kabo.

Mece ce kalori?

Kalmar ta samo asali ne daga Latin, inda take da ma'anar zafi. Ƙaramar kalori ɗaya ita ce yawan zafin da ake bukata a ɗaga ɗumin ruwa giram 1 da digiri 1 a ma'aunin Salshiyos. Da yake wannan ma'auni ya yi ƙanƙanta ainun, masana abinci suna amfani da babbar kalori, watau kilokalori, wadda ta ƙunshi ƙananan kalori 1,000. Ita ce ake rubutawa kcal a jikin gwangwanin madara ko ledar biskit, kuma ita muke nufi duk inda muka ce kalori daga nan zuwa ƙarshen darasi. Wani lokaci akan ga kJ a gefenta, watau kilojul. Kalori 1 daidai take da kilojul 4.2, saboda haka in ka ga kJ sai ka raba adadin da 4.2.

Abin lura a nan shi ne, kalori ba wani sinadari ba ne da ake gani a cikin tuwo. Ma'auni ce, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi, kamu kuma na zane.

Yadda aka gano ta

Wajen shekarar 1783 wasu masana biyu na ƙasar Faransa, Antoine Lavoisier da Pierre Laplace, suka sanya ɓeran Masar a cikin wani akwati da aka kewaye da ƙanƙara. Ɗumin jikin ɓeran ya riƙa narkar da ƙanƙarar, su kuma suna auna ruwan da ya tsiyaye. Daga nan suka tabbatar cewa abin da ke faruwa a jikin mai rai ɗan'uwan abin da ke faruwa a murhu ne: abinci yana haɗuwa da iskar oksijin da muke shaƙa, ya ƙone sannu a hankali ba tare da harshen wuta ba, ya ba da zafi da ƙarfin motsi.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani Ba'amurke mai suna Wilbur Atwater ya ɗora a kan wannan aiki. Shi da abokan aikinsa sun riƙa ƙona abinci iri iri a cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe da aka nutsar a ruwa, suna auna ɗumin ruwan, sa'an nan suna cire abin da jiki ba ya iya narkarwa. Sakamakon da ya samu shi ake amfani da shi har yau:

Sitaci da sukari, giram 1: kalori 4
Furotin, watau abin gina jiki na wake da nama da ƙwai, giram 1: kalori 4
Mai da kitse, giram 1: kalori 9

Ruwa da gishiri da bitamin ba su da kalori ko ɗaya, duk da cewa jiki ba ya rayuwa sai da su.

Nawa jiki yake bukata?

Mutane da yawa sun ɗauka sai ana aiki ake kashe ƙarfi. Gaskiyar magana, ga wanda ba aikin ƙarfi yake yi ba, wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin da yake kashewa a yini yana tafiya ne a kan bugun zuciya, da numfashi, da riƙe ɗumin jiki, da sauran ayyukan da ba sa tsayawa ko ana barci. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kimanin kashi 20 cikin 100 na wannan kaso. Shi ya sa ɗalibin da ya shiga aji ba kari yakan ji lissafi ya ƙi shiga kansa tun kafin tara ta yi.

A matsakaicin ƙiyasi, mace baliga tana bukatar kimanin kalori 2,000 a yini, namiji kuma 2,500. Amma wannan ba riga ba ce da za ta yi wa kowa daidai. Manomi a lokacin noman farko ko huɗa yana iya bukatar fiye da 3,000. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin kimanin 500 a kan na kullum. Saurayi mai tasowa yakan fi mahaifinsa mai zaman shago bukata, tsoho kuwa bukatarsa raguwa take yi.

Mu lissafta farantin garau-garau

Ga ƙiyasin kalorin wasu abubuwa da muke ci kullum:

Gero, dawa, masara ko shinkafa, busassu, giram 100: tsakanin 330 da 380
Wake busasshe, giram 100: kimanin 340
Gyaɗa ɓararriya, giram 100: kimanin 570
Man gyaɗa ko manja, babban cokali 1: kimanin 120
Sukari, cokalin shayi 1: kimanin 16
Ƙwai 1 dafaffe: kimanin 75
Lemon kwalba mai sukari, santilita 35: kimanin 150

Yanzu a ce wani saurayi ya sauka a tasha ya sayi garau-garau. In an dafa masa shinkafa giram 100 da wake giram 50, ya samu 360 da 170, watau 530. In mai abinci ta zuba masa mai babban cokali 3, an ƙara 360, jimla 890. In ya kora da lemon kwalba, ya kai 1,040. Abokinsa da ya ci irin wannan faranti da mai cokali 1, ya kuma sha ruwa, 650 ya samu. Su biyun za su tashi cikinsu a cike daidai wa daida, alhali akwai bambancin kalori 390 tsakaninsu. Dalili kuwa shi ne, ciki cika yake ganewa, kuma mai da sukari suna da nauyin kalori ba tare da cin wuri ba.

Ƙarfin da jiki bai yi amfani da shi ba, ajiye shi yake yi a matsayin kitse. Kilo 1 na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Mutum mai nauyin kilo 60 sai ya yi tafiyar ƙasa ta kusan kilomita 3 kafin ya ƙone kwalbar lemo guda. Ga manomi wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke wuni zaune a shago ko ofis, babur ya kai shi ya dawo da shi, ɗan rarar kullum yana taruwa shekara da shekaru, har ya zama ƙiba, ita kuma ta buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini.

Rubuta kalori a gidajen abinci

Saboda yaɗuwar waɗannan cututtuka ne wasu hukumomi suka ga ya kamata mai saye ya san abin da yake saye. Birnin Niyok na Amurka ya fara tilasta wa manyan gidajen abinci masu rassa rubuta kalori a shekarar 2008. A 2018 dokar ta game ƙasar baki ɗaya ga duk kamfanin da ke da rassa 20 ko fiye. Saudiyya ta fara a 2019, don haka alhazanmu da dama sun ga waɗannan lambobi a allunan gidajen abinci na Makka da Madina. Ingila ta bi sahu a watan Afrilu na 2022, ga kamfanonin da ke da ma'aikata 250 ko fiye. A nan Nijeriya, inda muka fi cin karo da su shi ne jikin kayan gwangwani da na leda da na kwalba, waɗanda hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, take lura da rubutun jikinsu.

Shin rubutun yana canja halin masu ci? A watan Janairu na 2025 ƙungiyar masu bitar bincike ta Cochrane ta tattara nazarce-nazarcen da aka yi, ta gano cewa ragin bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 ba, watau wajen kalori 11 a farantin da ke da 600. Ragin ɗan kaɗan ne, ko da yake in aka tara shi a kan miliyoyin mutane yana da tasiri. Ƙidayar da mutum ke yi wa kansa ma ba ta cika yin daidai ba. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1992, an samu wasu masu fama da ƙiba suna faɗin kusan rabin abin da suka ci kawai, ba don ƙarya ba, sai don mantuwa da kuskuren ido.

Yaya abin zai kasance a wajenmu?

Dokokin da muka ambata an yi su ne domin kamfanonin da ke dafa abinci da awo guda a kowane reshe. Mai tuwo a kasuwar Getso ko mai ƙosai a bakin titin Garo da ido da ludayi take awo, kuma na kuɗi take zuba wa mutum. Man da ta sa yau ba lalle ya zama daidai da na jiya ba. A gida kuma, yara huɗu ko biyar ne suke kewaye kwano ɗaya, ba mai iya cewa ga rabon wane. Ke nan rubuta lamba a irin waɗannan wurare zai yi wuya, kuma ko an rubuta ba za ta zama gaskiya ba.

Bayan haka, matsalarmu fuska biyu gare ta. Yayin da wasu ke fama da rara, wasu gidajen a karkara ƙaranci ne ke damunsu, musamman a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa alhali aikin gona ya kai maƙura. Ƙananan yara su suka fi shan wuya, domin cikinsu ƙarami ne, kunu tsararo kuma yana cika shi ba tare da ba su isasshen ƙarfi ba. A nan ilmin kalori ceton rai yake yi. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma yi amfani da shi sosai a Maraɗi lokacin ƙarancin abinci na 2005, gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da bitamin. Leda ɗaya mai giram 92 tana ɗauke da kalori 500. Uwar da ta dama wa ɗanta kunu da gyaɗa, ko ta ɗiga masa ɗan mai a fate, wannan hikimar take bi. Cokalin man da ya kamata mai zaman shago ya rage, shi ne ya kamata a ƙara wa yaron da ba ya ƙiba.

Har ila yau, kalori ba ita kaɗai ce abin dubawa ba. Kwalbar lemo da ƙwai biyu kalorinsu kusan ɗaya ne, amma ƙwai yana gina jiki, lemo kuwa ruwa ne da sukari. Zogale da rama da kuka kalorinsu kaɗan ne, amfaninsu ga jini da ido da ƙashi kuwa mai yawa ne.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan darasi da idonsu. A samo ƙwayar gyaɗa busasshiya, da allura, da gwangwanin madara, da ruwa mililita 100, da ma'aunin zafi, da ashana. A auna ɗumin ruwan a rubuta. A soke gyaɗar da allura, a kafa gindin allurar a cikin ɗanyen yumɓu, a kunna wa gyaɗar wuta, a riƙe gwangwanin da waya dab da harshen wutar har ta cinye. A sake auna ɗumin ruwan. In ya ƙaru da digiri 10, lissafin shi ne 100 sau 10, watau ƙananan kalori 1,000, ko babbar kalori 1. A maimaita da ƙwayar masara ko gutsuren ƙuli-ƙuli mai nauyi daidai da na gyaɗar, a kwatanta. Kada a yi gwajin sai malami yana wurin.

Kammalawa

Mai lafiya ba ya bukatar yawo da takarda da alƙalami yana ƙidaya kowace loma, kuma bai kamata ɗalibi mai tasowa ya hana kansa abinci don tsoron lamba ba. Abin da ake so shi ne a san inda kalori take taruwa, watau mai da sukari da soye-soye, a daidaita ci da irin aikin da ake yi, a riƙa hawa sikeli lokaci lokaci, a kuma saba da karanta rubutun jikin abin da aka saya. Mai ciwon sukari, da mai ciki, da yaron da ke ramewa, a kai su asibiti a bi shawarar ma'aikatan lafiya.

Tambayoyi

1. An rubuta 840 kJ a jikin ledar biskit. Kalori nawa ke nan?
2. Wani abinci yana da sitaci giram 50, da furotin giram 10, da mai giram 20. Lissafta kalorinsa.
3. A gwajin gyaɗa, me ya sa adadin da aka samu yakan gaza wanda ke cikin jadawali?
4. Rubuta duk abin da ka ci jiya tun daga karin kumallo, ka nuna wanne ya fi yawan kalori, wanne kuma ya fi gina jiki.