Yadda Jini Ke Zagayawa Bayan Aikin Fontan

Zuciyar mutum tana da ɗakuna huɗu. Biyu na sama su ne ke karɓar jini, biyu na ƙasa kuwa su ke tura shi. Ɗakin ƙasa na dama yana tura jinin da ya gama aiki a jiki zuwa huhu, domin ya ɗebo iskar oksijin. Na hagu kuma ya tura jinin da ya dawo daga huhu zuwa sauran jiki. Watau famfo biyu ke nan a haɗe, kowanne da aikinsa.

A cikin kowane jariri ɗari, ana haifar wajen ɗaya da wani lahani a zuciya. Kaɗan daga cikin waɗannan su kan zo da ɗakin turawa guda ɗaya tak mai aiki, ɗayan kuwa ya tsumbure tun a ciki. Sai jinin da ya sha iska ya gauraya da wanda bai sha ba. Alamun da a kan gani su ne leɓɓa da harshe da farce su yi shuɗi-shuɗi, jariri ya riƙa haki, ya gaji da shan nono, ya kasa ƙiba. Wannan ba laifin uwa ba ne, ba kuma ciwo ne da a ke ɗauka ba.

Yadda a ke aikin

Likitoci ba su iya ƙirƙiro ɗakin da babu. Dabarar da suka samu ita ce su bar ɗaki ɗayan nan ya yi wa jiki aiki, jinin da ke komowa kuma a bi da shi huhu kai tsaye, ba tare da ya bi ta famfo ba. Wani likita mai suna William Glenn, a Amurka, shi ne ya bayyana rabin wannan dabara a 1958. Sa'an nan Francis Fontan, a birnin Bodo na ƙasar Faransa, ya cika ta a 1968, aka buga bayaninta a 1971. Shi ya sa aikin ya ci sunansa.

Galibi hawa uku a ke yi. Na farko a makonnin farko na haihuwa, don a daidaita yawan jinin da ke shiga huhu. Na biyu idan yaro ya kai wata huɗu zuwa shida, a haɗa babbar jijiyar da ke kawo jinin kai da hannuwa da jijiyar huhu. Na uku idan ya kai wajen shekara biyu zuwa biyar, a haɗa jijiyar da ke kawo jinin ciki da ƙafafu ita ma da ta huhu.

Abin lura

Mai lambu ya san bambancin ruwan da a ke ja da jigo da wanda ke bin gangare da kansa. Ruwan gangare yana tafiya muddin madatsa cike take, hanya kuma ba toshiya. In ruwa ya ragu, ko ciyawa ta tare hanya, sai ya tsaya. To, haka jinin mai aikin Fontan ya ke. Ba famfon da ke tura shi huhu. Abin da ke tafiyar da shi uku ne: cikar jijiyoyi, da jan numfashi, da motsin naman ƙafafu.

Saboda haka zawo da amai da zazzaɓi mai zafi, waɗanda ke rage ruwan jiki, haɗarinsu ga irin wannan yaro ya fi na sauran yara ƙwarai. Ciwon huhu kuma toshe hanya ya ke yi. Bayan wannan, tun da jini na taruwa a jijiyoyi yana jiran shiga huhu, matsinsa kan takura hanta a hankali cikin shekaru. Wasu kan yi kumburin ciki da ƙafafu, wasu bugun zuciyarsu ya rikice, wasu jini ya daskare musu a jijiya. Don haka a kan ba su maganin hana daskarewar jini, irin su asfirin. Aikin Fontan sauƙi ne da tsawaita rai, ba warkewa ba ne. Duk da haka da yawa sun girma, sun yi karatu, sun kama sana'a.

Abin da ya kamaci hakimai da malamansu

1. Su sanar da dagatai da ungozoma cewa jaririn da leɓɓansa suka yi shuɗi a kai shi babban asibiti nan da nan, kada a tsaya sakiya ko turare.
2. Yaron da aka yi wa aikin, in zawo ko amai ya kama shi, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi ga likita a ranar.
3. Kada iyaye su tsai da magani don sun ga yaro ya murmure, kada kuma su fasa zuwa awo a kan lokaci.
4. A adana takardar asibitin da ta bayyana irin aikin da aka yi, a nuna wa kowane likita kafin ya ba da magani.
5. Kada a hana yaron makaranta ko wasa daidai ƙarfinsa, gama tafiya da motsi taimakon jininsa su ke yi.

Hakimin da ya san gidan da irin wannan yaro ya ke a ƙasarsa, ya kuma tanadi hanyar kai shi asibiti ko da tsakar dare ne, lalle ya sauke babban nauyi.