Yadda Lantarki Yake Bi Ta Cikin Fensir

Babu ɗalibin da bai san fensir ba a ƙasar Daura, tun daga Baure har Mai'adua. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa baƙin abin nan da ke cikinsa yana ɗaukar wutar lantarki. Sunansa girafayit, kuma irin sinadarin kabon ne, wato ɗan'uwan gawayi. Lu'ulu'u ma kabon ne, amma shi wuta ba ta bin sa. Me ya kawo bambancin?

Mu tuna da tabarmin da ake jerawa bisa juna a kasuwar Daura. Haka girafayit yake, shimfiɗa kan shimfiɗa. A kowace shimfiɗa ƙwayoyin atam suna haɗe shida-shida kamar saƙar zuma. Kowane atam yana da ilektiron huɗu a waje. Uku sun riƙe maƙwabta, na huɗu kuwa sake yake, shi ne ke ɗaukar wuta. A lu'ulu'u duka huɗun a ɗaure suke.

Tururuwa tana tafiya a kan tabarma ɗaya ba wuya, amma shiga ta ƙasa sai da wahala. To, haka ilektiron yake gudu a bisa shimfiɗarsa, tsallakawa zuwa wata kuwa da ƙyar, domin akwai tazara tsakaninsu. Wani masani ɗan Kanada, P. R. Wallace, ya bayyana wannan da lissafi a 1947.

A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchesta a Ingila suka ɓare shimfiɗa guda da salatif. Ita ce ake kira girafin. Sun sami kyautar Nobel a 2010. A 2018 masana a Amurka suka ɗora girafin biyu, suka karkata ɗaya da digiri 1.1, suka sanyaya ƙwarai, sai wuta ta wuce ba wani cikas ko kaɗan.

Mu gwada a aji. Mu ja layi mai kauri da fensir a takarda, mu haɗa shi da batir mai bolt 9 da ƙaramin ƙwan LED. Idan layin ya ƙara tsawo, hasken zai ragu.

Gargaɗi: kada wani ya cusa fensir cikin soket. Abin da ya kunna ƙwai yana iya kai wuta jikin mutum.