Yadda ake haɗa ƙananan ƙwayoyin gamin zinariya da azurfa, a gwada juriyarsu ga zafi

Dunƙulen zinariya ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1064 a ma'aunin Celsius, azurfa kuma 962. Amma idan ƙwayar ba ta wuce nanomita 2 ba, lissafi ya canza. A ƙwaya mai zarra 309, guda 162 a fatarta suke, ba su da maƙwabta ta kowane ɓangare da za su riƙe su. Tun 1976 Buffat da Borel suka auna yadda irin waɗannan ƙwayoyin zinariya ke narkewa a zafin da bai kai na dunƙule ba da ɗaruruwan digiri. Shi ya sa duk wanda ya haɗa ƙwayoyin gami bai gasa su ba, bai gama aiki ba.

Fara da wanke kwalabe da ruwan asid mai kashi 3 na HCl da kashi 1 na HNO3, a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau. Wannan ruwa yana cin fata, kada ka rufe shi a kwalba.

Sai ka tafasa tataccen ruwa, ka zuba gishirin zinariya (HAuCl4) da na azurfa (AgNO3) gwargwadon kason da kake so, misali rabi da rabi. A nan ne aka fi yin ɓarna. Gishirin zinariyar yana ɗauke da kulorin, wanda da ya gamu da azurfa sai su zama AgCl, su kwanta. Don haka ka tsinka ruwan sosai. In ka ga ya yi fari-fari ya gurɓace, zubar, ka sake. In ya tsaya garau, zuba ruwan sodiyam sitiret mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, kana juyawa, ka bar shi ya ci gaba da tafasa har launi ya daina canzawa. Hanyar Turkevich ce ta 1951, wadda Link da Wang da El-Sayed suka yi amfani da ita ga gamin nan a 1999.

Zinariya zalla ja take fitowa, azurfa rawaya, gamin kuma ruwan lemo. Amma ido ba shaida ba ne. Sa ruwan a na'urar UV-Vis: azurfa tana shan haske wajen nanomita 400, zinariya wajen 520. A zanen da na'urar ke fitarwa, gami na gaskiya tudu ɗaya yake bayarwa a tsakani. Tudu biyu na nufin kowane ƙarfe ya kama gabansa, ko ɗaya ya lulluɓe ɗaya kamar gyaɗa mai sikari.

Kada ka dogara da gwajin hasken X-ray (XRD) a wannan gami. Tazarar da jerin zarra ke maimaita kansa a ƙarafan biyu kusan ɗaya ce, nanomita 0.408 da 0.409, don haka layukansu hawa juna suke yi. Madubin ilektiron mai EDS ne zai nuna maka inda kowace zarra ta zauna.

Yanzu gashi. Ɗora ƙwayoyin a kan garin silika, ka busar, ka kasa kashi-kashi. Gasa kowane kashi cikin iskar argon na awa ɗaya, wannan a digiri 200, wannan a 300, har zuwa 600, ka ajiye ɗaya ɗanye don kwatance. A kowane mataki auna girman ƙwayoyi ɗari biyu ko fiye, ba 'yan kyawawan da suka burge ka ba.

Abu biyu za ka sa wa ido. Na farko girma: ƙwayoyi na iya rarrafowa su manne, ko manya su riƙa cinye ƙanana zarra bayan zarra. Na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci, ƙaurar azurfa zuwa fata, domin zamanta a waje ya fi sauƙi ga ƙwayar. Girman na iya zama yadda yake alhali fatar ta sake, kuma a fatar ake duk wani aikin hanzarta haɗuwar sinadarai. In a iska mai oksijin ƙwayoyin za su yi aiki, maimaita gashin a cikinta, don oksijin na ƙara jawo azurfa waje.