KULA DA KATAKON AMALANKE

A shekarun 1980, ma'aikatu irin su UCOMA ta Damagaram da ACREMA ta Tawa sun ƙera wa manoma amalanke. Tun daga lokacin, amalanke ta zama abokiyar aikin manomi. Ita ke kai taki gona, ita ke ɗauko damman hatsi, ita ke kai marar lafiya likita. Ƙarfenta shina daɗewa, amma katakon da aka shimfiɗa bisanta shi ke fara lalacewa. Katako kuwa shina da tsada, don mafi yawansa daga ƙasashen kudu masu kurmi ake kawo shi.

Mi ke ɓata katako?

Na farko, rana. Tana cin fatar katako har ya yi fari-fari kamar toka.

Na biyu, jiƙa da bushewa. Da damina katako shina shan ruwa ya kumbura. Da rani shina bushewa ya tsuke. Yau da gobe sai ya tsage, ƙusoshi su yi sako-sako.

Na uku, ruɓa. Funfuna ba ta cin busasshen katako. Tana kama wanda ya daɗe a jiƙe, kamar wanda aka bar taki ko laka bisansa.

Na huɗu, gara. Daga ƙasa take hawowa, ta ci cikin katako ta bar bayansa.

Yadda ake dubawa

Canjin launi ba ruɓa ba ne. Mai amalanke ya soka bakin wuƙa kusa da ƙusoshi da ƙarshen kowane katako. In wuƙa ba ta shiga ba, katakon shina da sauran ƙarfi. In ta nutse kamar cikin gwaza, wannan katakon ya ruɓe, sai a canja shi. Fenti ba ya gyara ruɓaɓɓen katako.

Sannan a ɗiga ruwa kaɗan. In ruwan ya tsaya bisa, man da aka shafa shina nan. In katako ya shanye shi nan da nan, lokacin shafa mai ya yi.

Yadda ake gyarawa

Watan Afrilu ya fi dacewa, don katako ya bushe sarai kuma ruwa bai sauka ba.

1. A share, a fid da ƙasar da ta maƙale tsakanin katakai.
2. A wanke da ruwa da sabulu, a bar shi kwana 2 ya bushe.
3. A kankare fatar da rana ta ci, har launin icce ya fito.
4. A ɗaure ƙusoshin da suka saki.
5. A shafa fentin mai, ko man katako da kafintoci ke kira man lin. A yi aikin cikin inuwa. In shafi na farko ya bushe, a ƙara na biyu. A ba ƙarshen katako mai da yawa, don ta nan ruwa ya fi shiga.

In za a sa sabon katako, a bar tazarar milimeta 5 tsakani, don ruwa ya samu hanyar zuba.

Hattara

Baƙin man mota shina da guba. Bai kamata ya taɓa katakon da ake ɗora hatsi, ruwan sha ko yara bisansa ba. Man gyaɗa kuma ba ya bushewa, sai dai ya yi wari ya jawo ƙura.

Tsumman da aka shafa man lin da shi zai iya kamawa da wuta shi kaɗai in aka dunƙule shi. A shanya shi a fili, nesa da rumbu da zana.

Ajiya

Bayan aiki a share amalanke, a sa ta ƙarƙashin rumfa, a karkace, don ruwa kar ya kwanta. Manomin da ya ba amalankensa yini 1 a shekara, ya tsare kuɗɗin katako na shekaru da yawa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa 4 ke ɓata katako?
2. Yaya ake gane ruɓaɓɓen katako?
3. Don mi ba a shafa baƙin man mota?