TSARIN KOTUNA DA MATAKAN ƊAUKAKA ƘARA A JIHAR KANO

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan ji wanda shari'a ta kayar yana cewa, "Ban yarda ba, zan ɗaukaka ƙara." To amma ina za a ɗaukaka ta? Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa kotunan Jihar Kano tafarki biyu ne da suke haɗuwa a sama, kuma wanda ya kuskure tafarki yana iya yin asarar shekaru da dukiya, ko da kuwa shi ke da gaskiya.

2.0 Tushen Tsarin

A zamanin En'e, daga gaban alƙali akan kai ƙara kotun Sarki. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Arewa. Dokar soja ta 1967 ta soke kotunan sarakuna, ta mai da kotunan alƙalai kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Waɗannan ne kotunan shari'ar Musulunci suka gada a Kano a shekarar 2000.

3.0 Tafarki Biyu

Tafarki na farko yana farawa ne daga kotun majistare, ya hau zuwa Babbar Kotun Jiha, wadda Babban Joji yake shugabanta. Na biyu yana farawa daga ƙaramar kotun shari'ar Musulunci, sai babba, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda Girandi Kadi yake shugabanta. Alƙalai uku ne aƙalla suke zaman sauraron ƙara a cikinta.

Daga nan ikon jiha ya ƙare. Dukkan tafarkan biyu suna zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976. In ƙarar ta fito daga tafarki na biyu, tilas ne jojin da za su zauna su kasance masana shari'ar Musulunci, uku aƙalla. Wannan shi ne sulhun da ya biyo bayan taƙaddamar Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1978, inda aka ƙi amincewa da kafa irin wannan kotu ta Musulunci a matakin Tarayya. Mataki na ƙarshe shi ne Kotun Ƙoli a Abuja, domin tun 1963 aka daina kai ƙara Ingila.

4.0 Matsalar Hurumi

Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya iyakance hurumin kotun Girandi Kadi ga al'amuran iyali: aure da saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Misali, idan magada suka yi jayayya kan rabon gonar mahaifinsu, wannan gado ne, kotun tana da hurumi. Amma idan maƙwabta biyu suka yi jayayya kan wanda ya mallaki gona, ba tare da batun gado ba, Babbar Kotun Jiha ce ya kamata a nufa. Kotunan Tarayya sun sha rushe hukunci saboda wannan kuskure kaɗai, ba tare da duba hujjar kowa ba, sai a koma baya a sake lale.

5.0 Kammalawa

Abin da ya wajaba mai ƙara ya fara tantancewa shi ne irin shari'arsa da kotun da doka ta ba ikon jin ta. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma kuɗin shawarar lauya a farko bai kai ko kusa da asarar maimaita shari'a ba.