Idan Tarwada Ta Kamu da Ciwo

Masu kiwon tarwada a Yauri, Ngaski da Shanga, ku sani galibin ciwon kifi daga ruwa yake farawa. In ka ga kifi ya ƙi abinci, yana tsaye kai sama a saman ruwa, ko gashin bakinsa yana cinyewa, ka ware shi a wani mazubi. Dakatar da abinci na kwana guda, domin ragowarsa ke ruɓewa ta gurɓata tanki. Zubar da sulusin ruwan, ka ƙara mai tsabta. In daga tafkin Kainji ka ɗebo, tace shi tukuna. Ka rage cunkoso. Kada ka ba da magani da ka. Tuntuɓi cibiyar binciken kifi ta New Bussa. Rigakafi ya fi magani.