Wasiƙa Zuwa ga Masu Ɓoye Babi na Ɗaya

Zuwa ga ƙanne maza da mata masu neman digiri na biyu da na uku a sassan Ingilishi da tsangayoyin ilimi,

Abin da ya kawo wannan wasiƙa wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare tsakanin ɗaliban bincike, daga Zariya har Sakkwato. Ɗalibi ya samu batun kundinsa, sai ya naɗe shi kamar laya, ba mai gani sai malamin da ke duba aikin. In abokin karatu ya nemi ya leƙa, amsar ba ta wuce, "Bari dai in ƙara gyarawa." Wani kunya ce ke damunsa, wani kuma tsoron kada a yi masa wuf da batun. Haka za a shekara, babi na ɗaya yana kwance a kwamfuta.

A watan Yunin 1962 an yi taron marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi a Makerere, ƙasar Yuganda. Chinua Achebe da Wole Soyinka da Christopher Okigbo duk sun halarta. Cikin taron akwai wani ɗalibin adabin Ingilishi ɗan Kenya, mai shekara 24, ana kiransa James Ngugi. Bai tsaya jiran rubutunsa ya gama tsumuwa ba, ya miƙa wa Achebe shi a yadda yake. Achebe ya zama mai ba kamfanin Heinemann shawara kan jerin littattafan marubutan Afirka, kuma a 1964 kamfanin ya fitar da littafin Ngugi, Weep Not, Child. Wannan ɗalibi shi ne duniya ta sani daga baya da Ngugi wa Thiong'o.

Ba kowa zai gamu da Achebe ba, amma kowane sashe yana da ɗakin taron ƙara wa juna sani. A nan ɗaliba za ta miƙe da takenta mai faɗin gaske, "Matsayin Mace a Adabin Afirka," ta kwashe rabin lokacinta tana jero sunayen masana. Can daga kujerar baya wani malami ya sauke tabarau, ya ce, "Malama, wace macen? A wane littafi? Wace tambaya kike son amsawa?" Ɗaki ya yi tsit, gumi ya karyo mata. Ranar ba daɗi, amma kafin mako ya zagayo batun ya tsuke: Li ta cikin The Stillborn na Zaynab Alkali, wanda ya fito a 1984, da Binta Zubairu ta cikin Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, na 2015. Mata biyu 'yan Arewa, shekara 31 tsakanin littattafan, ga tambaya guda: me ya sauya a yadda ake ba mace murya?

Da ta jira sai ranar kare kundi a gaban mai jarrabawa na waje, da tambayar nan ta rushe mata babi biyar.

Ribar takan ninka idan ɗalibin adabi da ɗalibin ilimi suka zauna ɗaki ɗaya. Mai nazarin ilimi ya zo da niyyar raba takardun tambayoyi don gano abin da ke kayar da 'yan sakandare a jarrabawar adabi ta WAEC. Ɗan sashen Ingilishi zai tambaye shi ko shi kansa ya karanta littattafan da aka sa wa yaran, ko kuwa yaran ma suna da su a hannu. Shi kuma in na adabi ya ce wani littafi yana gyara tarbiyyar matasa, ɗan ilimi zai ce masa, "A wane aji ka gwada? Da me ka auna?" Kowanne yana hango ramin da ɗan'uwansa bai gani ba.

Batun sata kuwa, wanda ya gabatar da maƙala a bainar jama'a, da kwanan wata da sunansa a takardar sashe, ya fi mai ɓoyo shaidu.

Shiri ba ya buƙatar kuɗi. Mutum huɗu ko biyar su riƙa haɗuwa duk wata, ko a gindin bishiya ne, kowa da shafinsa biyu: tambayar bincike, littafi ko makarantar da zai nazarta, ra'in da zai ɗora aikin a kai, da inda ya cije masa. A 2008 Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fara gasar bayyana kundi cikin minti uku da hoton allo guda, jami'o'in ƙasashe da dama kuma suka ɗauka. Wanda ya kasa faɗa wa abokinsa abin da yake nema cikin minti uku, akwai sauran tunani a gabansa.

Idan an fara yi masa tambayoyi, mai gabatarwa ya riƙe biro, ya rage gardama, ya rubuta kowace tambaya har da wadda ta ƙona masa rai. Ba duka zai ɗauka ba. Ya ware waɗanda suka taɓa tushen aikin, ya kai wa mai duba aikinsa tun maganar tana da zafi, sannan ya tsayar da ranar da zai dawo wa abokansa da gyararren babi.

Allah ya ba da sa'a, ya sa a kare kundi lafiya. Wassalam.